Fankar Kwamfuta Ta Cinye Muryar Goggo Ladi

Zuwa ga mai girma Shugaban ƙungiyarmu ta jikokin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, ni ne Sani mai ɗaukar sauti a Kiru, wanda kuka ɗora wa aikin naɗar waƙoƙin tsofaffinmu. Na yi magana a taro, na kira a waya, shiru kake ji. Hankalina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na fito fili.

Alhaji ya sani, Goggo Ladi kaɗai ta rage cikin matan da suka iya waƙar daɓe ta tsohon garinmu, wadda ke jero sunayen gidajen da ruwa ya rufe. Tun damina take kwance, muryarta kullum raguwa take.

Na farko, na roƙi a sayo ƙaramar laftop mai wadataccen RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, da batir mai juriya, ragowar kuɗin a sa a makirufo mai kyau. Kwamiti ya tafi Kano ba ni, ya dawo da ƙatuwar kwamfutar tebur mai fitilu kala-kala, wai don ta cika ido ranar ƙaddamar da waƙoƙin. An ce ma'aji ma sai da ya jinjina ta, ya ji nauyi, sannan ya amince. Ranka ya daɗe, kwamfuta ba buhun masara ba ce.

Na biyu, ba ta motsi sai da wuta, Goggo kuma ba ta ɗaukuwa. Haka na ɗaure kwamfutar a acaɓa, janareta a wani, har ƙauyensu ta bayan Bebeji. Na kai janareta bayan danga, amma fankar kwamfutar ta cika ɗaki da gurnani.

Na uku, shi ya fi ci mini rai. 'Yarta ta tallafe ta, Goggo ta yi waƙa har gumi ya keto mata. Tana fara ambaton gidaje, manhajar naɗar sautin ta sandare, don RAM ɗin bai taka kara ya karya ba. Ta ce in kunna mata ta ji. Na kunna, ta kasa kunne, sannan ta tambaye ni ko injin niƙa na ɗauko. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Roƙona shi ne a mayar da wannan dodo a sauya shi da laftop a makon nan, ko a aro mini ta wani. Ƙaddamarwa za ta iya jira har bayan Salla. Goggo ta yi mini alkawarin ƙarin zama ɗaya, amma jiya 'yarta ta shaida mini ta fara tsallake gidaje a waƙar, ciki har da gidan kakanka.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da basira, ya ba Goggo sauƙi, ya sa mu riske ta da sauran murya.

Wassalam,
Sani, Kiru.