Abin da ya hana Safiya shiga hoton biki

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki, ya Alhaji da yara? Mu nan Lafia sai godiya.

Kin tambayi dalilin da ya sa ba ki ga 'yarki Safiya a hotunan bikin da aka yi a Kwandere ba. Ƙin shiga ta yi. Kin san yadda ake tsokanarta da ƙiba tun tana ƙarama. Kwanaki ta fara kallon wasu mata a waya, masu cewa kowace mace ta so jikinta yadda Allah ya yi shi. Na ji daɗi, don har ta dawo cin tuwo tare da mu. Da kanta ta kai ankonta wurin tela, ta ce ya ɗinka daidai jikinta, ta gaji da sa buhu. Da ta karɓo, ta saka, ta ɗauki hoto ta ɗora a intanet. Yaya, abin da mutane suka rubuta mata ba zai faɗu ba, har da ƙawayenta na makaranta. Ranar biki da hijabi har ƙasa ta je, ta zauna wurin masu girki.

Na rantse mata tana da kyau. Ta ce, "Mama, ke uwa ce, dole ki faɗa." Na ƙwace wayar, ta daina magana. Na mayar mata, ta daina cin abinci. Dabara ta ƙare mini.

Don Allah ki kira ta, ko za ta ji taki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutan gida. Ankon yana nan a leda, sau ɗaya ya taɓa jikinta.

Ƙanwarki,
Hadiza