Layi Huɗu na Bitrus

Laraba, Mahuta, bayan isha'i.

Yau masu kula da babbar manhajar kwamfuta ta Linux suka karɓi gyaran da Bitrus na ofishinmu ya aika. Gyaran ya sa manhajar da ke gano kuskuren memori, wato ma'adanar kwamfuta, ta gane sababbin samfuran kwamfuta. Layi huɗu kacal. Ni na yi sati uku ina cire memori ina mayarwa don in gwada masa, amma sunansa ne a sama, nawa can ƙasa, mai gwaji. Oga ya ce, "Bitrus, ka fitar da mu kunya." Har tafi na yi.

Abin da ke cin raina, tun azumi ni ma na rubuta irin layukan nan. Tsoron a yi mini dariya ya hana ni aikawa.