A Sake Duba Amsar Rakiya Kan Shukar Binne

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke shirya wa 'yan firamare jarrabawar shiga makarantun kimiyya, Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni hedimasta ne a wata firamare a ƙasar Roni, kuma ni ke koyar da kimiyya a ajin ƙarshe. Na zaɓi in yi maganar nan a bainar jama'a ne domin na yi ta a ofishinku, aka ce in je za a duba. Har yau ana dubawa, ga shi kuwa an kusa buɗe makarantu. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Na farko. A jarrabawar bana kun tambayi yara lokacin da manomi ke zuba iri a ƙasa: kafin ruwan sama ko bayansa. Amsar da kuka yarda da ita ita ce bayansa. To, a nan Roni da Gwiwa, har Babura bakin iyaka, muna yin binne. Idan damina ta gabato, manomi ya shuka gero a busasshiyar ƙasa ya bar shi, ruwan farko na sauka ya tsira. 'Yata Rakiya da hannunta ta jefa iri a gonarmu, ta rufe da ƙafa, rana na dukanta, sama ko gajimare babu. Ta shiga ɗakin jarrabawa ta zaɓi abin da ta yi da hannunta, kuka soke. Maki ɗaya tak ya rage mata ta samu gurbi, kuma a dokarku baɗi shekarunta sun wuce.

Na biyu. Ba jita-jita nake kawo maka ba, ina cikin malaman da kuka kira Kano gyaran takardu. An ba mu wani kwali mai huji-huji, a ɗora kan takardar yaro, inda alƙalaminsa ya leƙo ta hujin ya ci, inda bai leƙo ba ya faɗi. Da na lura yaran wajenmu na ƙasar Kazaure na ta faɗuwa a tambaya guda, na tashi na yi wa babban jami'inku bayanin binne. Ya saurare ni yana kallon agogo, sannan ya ce ba a kawo ni gyaran kwali ba, kwali aka kawo ya gyara ni. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin 'ya'yan mutane ne a ƙarƙashin kwalin.

Na uku. Akwai zanen wata bishiya da injin bugawarku ya dame da tawada, kuka ce a faɗi abin da ake samu daga gare ta. Ku kwakwar manja kuke nufi. Yaranmu da ba su taɓa ganinta ba suka ɗauka goriba ce, suka zaɓi tabarma, wadda ku da kanku kuka sa cikin amsoshin. Har ɗan Malam Bulus mai ba da magani a asibitin garinmu, wanda iyayensa 'yan kudu ne amma a nan aka haife shi, tabarma ya zaɓa. Shin ilimin yaro kuke aunawa ko garin da aka yanke masa cibiya? Kullum rediyo na faɗa mana kuɗin mai ya zo, ƙasa na neman likitoci da injiniyoyi. Amma kuɗin motar da zai kawo mutum ɗaya daga ofishinku ya ga gonakinmu kafin ya rubuta tambaya, shi ne ya gagara.

Abin da ya fi ci mini rai ba makin ba ne. Ni na koya wa yaran nan cewa kimiyya ita ce ka duba da idonka, ka gwada, ka faɗi abin da ka gani. Da gwangwanin madara da ƙasa muke gwajinmu, don ba mu da wani kayan aiki. Yanzu Rakiya, yarinyar da ba ta barin kowa ya huta da tambaya, ta yi shiru. Rannan na ji tana gaya wa ƙannenta kada su yarda su rubuta abin da suka gani a gona, su rubuta abin da mutanen birni ke so. Da na ji haka sai da na fita daga gidan.

Don haka ina roƙo, kuma haƙƙinmu nake roƙa. A soke tambayoyin nan biyu, a sake lissafa makin duk yaron da suka kayar, ba 'yata kaɗai ba, kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. A riƙa sa malaman karkara su ga tambayoyi kafin a buga. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In kuma kana shakka, ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Ka zo Roni, zan kai ka gonar. Geron da Rakiya ta binne kafin ruwa, wanda kwalinku ya ce ba a yi, yau ya fi ta tsawo. Ka tsaya a gabansa ka gaya mata da bakinka cewa ta faɗi, ni na kasa.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare maka naka 'ya'yan daga irin wannan kwali.

Wassalam.

Malam Isyaku, mahaifin Rakiya, daga ƙasar Roni.