Kada ka sake cire kan batir

Dogo,

Na fita kana ta sharar barci. Jiya bakanike ya jona na'urarsa a motar, bai ga komai ba, alhali fitilar gargaɗin inji kullum sai ta kama. Ya ce wani ne yake cire kan batir, lambar matsalar tana gogewa. Ƙanwarka ta ce kai ne, wai don kada hankalina ya tashi. To, ya tashi! Kashe fitila shi ne gyara? Ranar Laraba zan kai mahaifiyarka asibiti. Idan motar ta tsaya mana a hanya, goya ta za ka yi?

Tuƙa motar har fitilar ta dawo, ka kai wa bakaniken tana kunne. Sifanar da kake kwance kan batir ɗin da ita kuwa tana aljihuna.

Babanka