Ƙwaron da Na Raɗa wa Sunan Baba

Laraba da dare, garin Bowie a ƙasar waje

Shekara da shekaru ina tankaɗe ruɓaɓɓen ganye, ina feɗe ƙwaron nan da bai kai ƙwayar riɗi ba, har idona ya fara gazawa. Na sakankance sabon jinsi ne, na raɗa masa sunan marigayi Baba, tunda a kurmin bayan gonarsa na samo shi.

Yau shugabar sashenmu na nazarin ƙwari ta kira ni gaban madubin ƙara girma, ta ɗora wani tsohon samfuri da aka aro daga Turai. Fiffike iri ɗaya, al'aurar namijin iri ɗaya, har 'yar lanƙwasar nan ta hagu. Ashe tun zamanin mulkin mallaka aka ba shi sunan wani Baturen hakimi. A ƙa'ida, sunan farko ke zama.

Ina cikin cunkoson komawa gida Inna ta bugo waya. Ta ce, "Hadiza, na faɗa wa dangi za a sa sunan Malam a littafi. Baffanki har da hawaye."

Na ce, "Madalla, Inna."

Na kasa gaya mata. Gobe da safe ni da hannuna zan goge sunan daga rubutun bincikena.