Fuskar Inna a Hoton Iƙama

Daren Laraba, Rajab 1429

Yau mai gidan baje kolin zane na unguwar Bagdadiyya a Jidda ya juya zanena ya fuskanci bango. Fuskar Inna ce na zana da baƙinta na ainihi. A ƙasa na manna tsofaffin hotunan iƙamarta, takardar izinin zama a Saudiyya, waɗanda masu hoto suka haskaka ba ta roƙe su ba, wai gyara ne.

Ya ce, "Ya ukhti, ki rage duhun nan, masu saye ba sa so. Halas, shi ke nan?"

Na fito da haushi. Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya: "Ai ni ban taɓa gane matar da ke cikin iƙamata ba."

Gobe zan koma da fenti. Ƙara baƙin zan yi.