Farin Ƙyallen da Baba Ya Ɗinka

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ya aiki? Mu nan sai godiya.

Ka tambayi jikin Baba. A waya yana ce maka da sauƙi, kai kuma kana yarda don yardar ta fi maka daɗi. Yaya, ciwon dajin nan ya kai ƙashi. Likitoci sun daina zancen warkewa, sai na rage zafi. An dawo da shi gida, gadonsa na kusa da keken ɗinkinsa, ya kuma hana a rufe keken. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji kamar ana ɗinki. In na leƙa sai in tarar barci yake, ƙafarsa ce kawai ke motsi a ƙarƙashin mayafi.

Kada ka yi dariya: na shiga gudun da asibiti ke shiryawa don taimakon masu irin ciwonsa. Ni da hawa bene ke sa ni haki! Baba ya ce in na kai rabin hanya ma ya yafe sauran. Kowane mai gudu ana ba shi ƙyalle ya maƙala a bayan riga, ɗauke da sunan wanda yake gudun dominsa. Nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ce ta kawo ina wurin aiki. Baba ya ce ba a maƙala abu da fil a gidan tela, shi zai ɗinka da hannunsa.

Ka ce sai ƙarshen shekara za ka samu hutu. To, Allah ya kai mu.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Auta.

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka yi haƙuri da rubutun nan.

Jiya aka yi gudun. Da safe Baba ya miƙo mini rigar a ninke, na zura a gaggauce ban duba bayanta ba, wayata ma a gida na baro.

Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa mai raba ruwa ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya jiƙansa. Na ɗauka ruɗewa ta yi. Sai wani da ya wuce ni ya waiwayo ya yi mini ta'aziyya. Sai wata kuma. Na tambayi wata baiwar Allah da ke gudu kusa da ni, ta ce mai koren ƙyalle majinyacinsa na raye, mai fari kuwa nasa ya rasu. Ta ce nawa fari ne.

Wallahi na ɗauka Baba ya cika bayan fitowata. Kowa ya buɗe baki sai in ga kamar ya ji labarin da ban ji ba. Na tsaya gaban wani shagon taya, na kai hannu baya ina fizgar ƙyallen. Ka dai san ɗinkin Baba, sau biyu yake bi, ya ɓoye ƙullin a ciki. Farcena ya karye, ƙyallen ko gezau. Da shi na ƙarasa, ina kuka, mutane na tafa mini. Ban tsaya karɓar lambar yabo ba, gida na nufa.

Na same shi da ransa, yana jingine da filo, nas na gefensa. Na hau ta da faɗa, na ce wane irin ganganci ne wannan. Ta bari na gama, sannan ta ce duka biyun ta kawo, ta kuma yi masa bayanin kowanne. Na jawo durowar keken, sai ga koren a ninke. Baba bai musa ba. Cewa ya yi rigar za ta kai ni gudun baɗi, shi kuma bai taɓa son aikin da wani tela zai zo ya warware ba.

Har yanzu muryoyin mutanen nan na bina cikin gida. Ina tsoron buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa.

Yau da safe ya ce in rufe keken. Na rufe.

Yaya, wanda ke ce maka da sauƙi a waya ya riga ya ɗinka wa kansa fari. Ni na karɓi ta'aziyyarsa yana raye, ni kaɗai, a kan titi. Don Allah kada ka jira ƙarshen shekara. Ka taho ya gan ka.

Ina gaida yara.
Taka, Auta.